Yawon bin sawun korarru a Ayislan: safiya ta biya kuɗinta, yamma kuwa da gyara

Akwai wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido a Reykjavik, babban birnin Ayislan, da ke sayar da tafiyar yini guda wadda ta sha bamban da ta sauran. Yawancin motocin da ke fita daga birnin da safe, wajen ruwan zafi mai tsartuwa da magangarun ruwa suke kai mutane su ɗauki hoto su dawo. Wannan kuwa an gina ta ne kacokan a kan wani tsohon hukunci: a zare mutum daga inuwar doka, a halatta jininsa, duk wanda ya gamu da shi ya kashe shi ya kashe banza. Ba zan kama sunan kamfanin ba, tunda ina da ƙorafi a kansu.

Tsarin shi ne a ɗauke ku a masauki da sassafe cikin ƙaramar bas, a zagaya Thingvellir, filin da tsohuwar majalisar ƙasar ta riƙa zama, da ƙafa har rana ta take tsaka, sannan a ratsa ta hanyar Kaldidalur zuwa Husafell, a shiga kogon Surtshellir, a dawo da ku birni da daddare. Kuɗin ya ɗara na yawon da kowa ke yi, kuma ba da kaɗan ba. Abincin rana na ciki, haka hular kwano da fitilar goshi ta shiga kogo. Mutum biyu ne ke jagora. Wata mata da ta karanta tarihi ita ke da safiya, direba kuma ya karɓa bayan an ci abinci.

Thingvellir ba ta da nisa, kusan kilomita 45 ce daga birni. Ana sauka a wani tudu da ake hango tafki, a gangara ta cikin Almannagja, wata doguwar tsagewa mai bangon baƙin dutse hagu da dama. Sauran ayarin da muka tarar duk zancen tsagewar ake yi musu, yadda ƙasa ke buɗewa da kusan santimita 2 a shekara. Jagorarmu ta ba wannan magana jimla biyu ta wuce. Sai da muka isa inda aka kafa tuta a kan gangaren da ake ɗauka shi ne Logberg, Dutsen Doka, ta tsayar da mu ta yi tambaya: idan kotu ta kama mutum da laifin kisa a nan a shekara ta 1000, wa zai je ya kamo shi? Wani ya ce sojan sarki. Wata ta ce masu gadin majalisa. Ta girgiza kai. Tun daga 930 da aka kafa majalisar Althing har zuwa 1262 da ƙasar ta fara miƙa wuya ga sarkin Norwe, Ayislan ba ta da sarki, ba ta da dogari, ba ta da kurkuku, ba ta da hauni. Kotuna akwai su, doka kuwa har ta yi yawa. Mutum guda ake zaɓa na shekara uku ya riƙe ta a ka, yana karanto kashi ɗaya cikin uku duk bazara daga kan wannan dutse, har zuwa hunturun 1117 zuwa 1118 da aka fara rubuta ta. Abin da babu shi ne hannun da zai zartar. Wanda ya kai ƙara ya yi nasara, shi zai tara 'yan uwansa da magoya bayansa ya je ya aiwatar da abin da kotu ta faɗa.

Daga nan ta ɗora komai, kuma a nan ne na san kuɗina bai faɗi ƙasa ba. Na sha karanta labarin korarru a matsayin jarumai masu gudu a jeji. Ita kuwa ta nuna shi a matsayin aikin shari'a mai matakai da ranaku da shaidu, wanda kuskure ɗaya a lafazin sammaci ke iya rushe shi. A kundin dokokin da ake kira Gragas, wanda ya iso mu cikin manyan rubuce-rubuce biyu na ƙarni na 13, korar iri biyu ce.

Ƙaramar, fjorbaugsgardur, barin ƙasa ce na shekara uku. Sai dai tsibiri ba a barin sa da ƙafa, jiragen ruwa kuma da bazara kaɗai suke zuwa. Don haka doka ta ba mutum bazara uku ya samu jirgi, kuma a kowace bazara dole ya nemi gurbi a wajen masu jirgi uku. Kafin ya samu, ana ware masa wurare uku da zai zauna lafiya, da hanyar da ke tsakaninsu, da hanyar zuwa bakin teku. Kariyarsa ba ta wuce nisan harbin kibiya daga waɗannan wurare ba. Ta sa mu juya mu kalli cocin da ke ƙasa a bakin kogi, ta ce mu kwatanta inda kibiya za ta faɗi daga inda muke tsaye. Iyakar duniyar mutum ke nan. Idan bazara ta uku ta wuce bai tafi ba, ko ya tafi ya dawo kafin wa'adi, ya faɗa babbar.

Babbar, skoggangur, ba ta da wa'adi. Kuma abin da ban taɓa lura da shi ba sai a ranar: lafazin hukuncin ba da mai laifin yake magana ba, da sauran jama'a yake yi. Ba a ciyar da shi, ba a ɗaukar sa a jirgi, ba a ba shi masauki ko wata shawara da za ta tsirar da shi. Wanda ya saɓa yana sane, shi ma ana iya gurfanar da shi a kore shi. Yadda ta koyar da wannan ya burge ni. Ta buɗe jaka ta fito da kleinur, wani soyayyen fulawa nasu mai murɗaɗɗen ciki, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana miƙawa. Da ta zo kan wani dattijo Bajamushe mai farin gemu sai ta tsallake shi kamar ba ta gan shi ba. Ya miƙo hannu, hannun ya tsaya a iska. Ta ce wannan tun jiya kotu ta gama da shi. Aka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don iska na kaɗawa kuma kowa na taunawa ban da shi. Matarsa ta raba nata biyu ta tura masa rabi a tafin hannu. Jagorar ta nuna ta da yatsa ta ce shekara uku, ta fara neman jirgi.

Ƙasar da ba ta iya gina kurkuku ba ta mai da kowane gida bango ke nan. Nauyin hukuncin a kan mata da ɗan'uwa da maƙwabci yake sauka, su ne za su rufe ƙofa cikin hunturu alhali sun san wanda ke ƙwanƙwasawa. Kashe shi ma ba dole ba ne. Yunwa da sanyi suna nan.

Ta daɗe a kan abin da ke biyo bayan hukunci, ni ma zan ɗan daɗe, domin nan ne ƙwarewar mutanen take. Kwana goma sha huɗu bayan an tashi daga majalisa, ana zaman wata kotu ta musamman a gidan wanda aka kora, a wajen katangar gonarsa cikin nisan harbin kibiya, a wurin da ba gona ba ne ba kuma makiyayar da ake yankan ciyawa ba. Aikinta raba dukiya. A fara ware abin da yake na matarsa, a biya masu bin sa bashi, a ba shugaban yankin da ya kafa kotun ladarsa. Abin da ya saura a raba biyu, rabi ga mai ƙara, rabi ga jama'a, kuma daga rabin jama'ar ake fara ɗaukar nauyin waɗanda yake ciyarwa. Wato an yi masa rabon gado yana raye. Ɗan da aka haifa masa bayan hukunci ba ya gado. Shi kansa idan ya mutu ba a rufe shi a maƙabartar coci. An kuma sa kuɗi a kansa ga wanda ya kashe shi, kuma kuɗin na ninkawa idan laifin mai muni ne, kamar yin kisa a filin majalisa.

Mafita ɗaya doka ta bar masa a hannunsa, kuma muguwa ce: ya kashe wasu korarru irinsa. Idan ya kashe uku, ya wanku. Ta ce mu yi tunanin abin da wannan ke yi wa mutum biyu da suka haɗu a bukka ɗaya a tsakiyar duwatsu, kowa na buƙatar ɗan'uwansa don ya rayu, kowa kuma ya san kansa kashi ɗaya ne cikin ukun da wancan ke nema. Wanda ya tsara wannan doka ya san abin da yake tsoro, kada korarru su haɗa kai su zama runduna.

Misalanta ba su da yawa amma kowanne ya zauna a gurbinsa. Erik Mai Jan Gashi, wanda aka yanke wa shekara uku a wajajen 982 saboda kisa, ya ƙarar da wa'adinsa yana binciken gaɓar Girinlan, ya dawo ya kwashi mutane zuwa can a jirage 25, 14 suka isa. Hjalti Skeggjason, da aka kora a 999 saboda wata 'yar waƙa da ya yi ya zagi Freyja, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu, daf da lokacin da majalisar ta karɓi Kiristanci a wannan fili. Da Gunnar na Hlidarendi, wanda tsoffin labaransu suka ce an yi sulhu a kan ya bar ƙasa na shekara uku, ya kama hanyar jirgi, ya waiwaya ya ga gangaren gidansa ya fasa tafiya, aka bi shi har gida aka kashe.

Dattijon da aka hana kleinur shi ya ja zancen ya fita daga tsibirin. Ya tambaya ko irin wannan ne aka yi wa Martin Luther, malamin Kiristan nan na Jamus da ya bijire wa Paparoma. Ta ce da kama da wane ba ta wane. A daular da ta haɗa ƙasashen Jamus, Sarki Charles na Biyar ne ya ayyana hukuncin a Worms a 1521, ya hana kowa ba Luther abinci ko masauki. Amma Frederick, mai mulkin Saxony, ya ɓoye shi a fadar Wartburg, kuma mutumin ya rayu har 1546 ya mutu a kan gadonsa. Shi kuwa William na Orange, jagoran tawayen Holan, da Philip na Biyu na Sifaniya ya halatta jininsa a 1580 ya sa kuɗi masu yawa a kansa, an harbe shi a Delft a 1584. Takardar iri ɗaya ce, abin da ya bambanta shi ne wanda ke tsaye a bayanka da kuma nawa aka sa a kanka.

Ingila ta taɓo ta a gurguje, kuma na so ta ƙara, don a can lamarin ya ɗauki wata siffa dabam. A Ayislan kora ita ce hukuncin da ake yankewa bayan shari'a. A Ingila kuwa galibi sakamakon ƙin halartar shari'a ce. A kira sunan mutum a zaman kotun gunduma sau biyar a jere, idan bai bayyana ba a ayyana shi korarre, kansa ya zama daidai da kan kyarkeci, dukiyarsa ta tafi ga sarki. Yaro ɗan ƙasa da shekara 12 ba a yi masa. Mace ma ba da wannan suna ake yi mata ba, bisa hujjar cewa ba a taɓa rantsar da ita cikin doka ba balle a fitar da ita, amma sakamakon kusan ɗaya ne. Sarakuna sun yi wasa da makamin har ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da Magna Carta, takardar da ta taƙaita ikon sarki a 1215, ta ɗaure, cewa ba a korar mutum mai 'yanci sai da hukuncin takwarorinsa ko dokar ƙasa. Da tafiya ta yi nisa haƙoransa suka zube, ya koma dabarar matsa wa mai taurin bashi ya zo kotu. An yi wa ɗan siyasa John Wilkes a 1764, ya yi zamansa a Faransa, ya dawo aka soke a 1768. Sai 1879 aka kawar da shi a ƙararrakin da ba na laifi ba, na laifi kuma 1938.

Ta rufe safiyar a Drekkingarhylur, wani gurbi mai zurfi a kogin Oxara kusa da gada. Bayan ƙasar ta shiga hannun sarakunan Norwe sannan na Danmak, hukuma ta samu hannun da ba ta da shi a da, kora ta ja baya, hauni ya shigo. Ƙarƙashin dokar Storidomur ta 1564, an nutsar da mata 18 a wannan gurbi tsakanin 1618 da 1749, galibi kan haihuwa ta haramtacciyar hanya ko ɓoye ta. Akwai allo da sunayensu. Ba ta ce wane zamani ya fi wani ba. Ta bar mu muka karanta, ta yi sallama ta hau wata mota ta koma birni.

Daga nan tafiyar ta canza hannu, kuma ta canza hali.

Direban mutumin kirki ne, ya iya tuƙi a kan tsakuwa, yana da raha. Amma da ya ɗauki makirufo sai duk abin da aka gina da safe ya koma tatsuniyar ƙato mai ɗaga duwatsu. Grettir Asmundarson, wanda ya fi kowane korarre daɗewa a labaransu, aka kashe shi a tsibirin Drangey a wajajen 1031 bayan shekara goma sha tara, ya zama ɗan wasan dambe a bakinsa. Alhali hanyar da muke bi ta ratsa kusa da Thorisdalur, kwarin da aka ce ya yi hunturu a ciki, kuma gaba kaɗan ga tudun Arnarvatnsheidi inda aka riƙa turo masa wasu korarru su zauna da shi su kashe shi don su sayi 'yancinsu. Ga dokar nan ta kashe uku a aikace, a gefen taga, bai ko ambata ba. Haka bai faɗi cewa wannan ƙaton tsoron duhu yake yi ba, wanda shi ya sa yake karɓar baƙin da ya san ba su da amana.

Abin da ya fi ɓata mini rai, ya ce doka ta tanadi duk wanda ya yi shekara ashirin a daji ya kuɓuta, kuma wai haka Fjalla-Eyvindur ya yi. Maganar shekara ashirin daga labarin Grettir ta fito, ba ta cikin Gragas. Eyvindur kuwa an haife shi a 1714, kusan shekara ɗari bakwai bayan Grettir, ƙarƙashin wata doka dabam. Mutum ne da ake tuhuma da sata ya gudu tsaunuka, daga baya da matarsa Halla, hukuma na nemansa ta kama. Wanda ya tsere wa hukuma dabam, wanda aka cire daga doka don babu hukumar da za ta kama shi dabam, kuma wannan bambanci shi ne abin da aka sayar mana. Na ɗaga hannu na ce, Malam, anya ba ka haɗa zamani biyu ba? Ya yi dariya ya ce duk 'yan tsauni ne.

Ita hanyar Kaldidalur ta yi abin da shi bai yi ba. Tafiya ce mai tsawo tsakanin tsaunukan ƙanƙara, babu bishiya, babu gida, babu hayaƙi, ciyawa ma sai an duba, tsakuwa da toka-tokar ƙasa har iyakar gani. A hagu akwai tsaunin Ok, wanda masana suka ayyana ƙanƙararsa ta mace a 2014. Wanda ya kalli wannan wuri minti goma ya san ma'anar a ce ba a ciyar da mutum. Ba abin da za a ci sai tumakin mutane da ke kiwo a gefe-gefe, shi ya sa korarre ba ya daɗewa bai zama ɓarawo ba ko da ba da sata aka kore shi ba.

An ɓata lokaci mai yawa a magangarar Hraunfossar, wadda kyakkyawa ce amma ba ta da alaƙa da abin da ya kawo mu, sai kogon ya zama na gaggawa. Surtshellir rami ne da narkakken dutse ya bari bayan aman wuta, tsawonsa ya kusa kilomita 2. A shafin kamfanin an rubuta cewa shigarsa mai sauƙi ce. Ba haka ba ne. Ƙasan duk manyan duwatsu ne da suka rufto daga sama, masu santsi, sai an dafa da hannu, ga sanyi mai shiga ƙashi. Dattijon nan da matarsa a bakin rami suka zauna, kuma da an faɗa musu gaskiya tun farko da sun san abin da suka saya. A ciki akwai katangar dutse da hannun mutum ya jera, an kuma taɓa samun tarin ƙasusuwan tumaki da shanu da dawaki. Direban ya ce sansanin korarru 18 ne da manoma suka haɗu suka kashe. Tsoffin rubuce-rubucensu sun ambaci kisan mutanen kogo 18, wannan gaskiya ne. Abin da bai faɗa ba shi ne tonon da aka yi a baya-bayan nan ya fito da duwatsun ado da wasu kayayyaki masu daraja, har masu binciken suka karkata ga cewa wurin bauta ne na zamanin da ba a karɓi Kiristanci ba. Jagoran da ya san aikinsa zai ajiye maka duka biyun ya bar ka da su.

Reykholt, gidan Snorri Sturluson wanda ya riƙe muƙamin mai karanto doka har sau biyu kuma aka kashe shi a can a 1241, yana cikin jadawalin da aka turo mana. Ta taga muka gan shi.

Wanda tarihin shari'a ya dame shi, safiyar kaɗai ta isa dalilin biya, muddin wannan mata ce ko irinta za ta yi jagora, don haka a tambaya kafin a tura kuɗi. Na rubuta musu na tambaya ko suna sayar da rabin farko shi kaɗai, suka ce a'a. Shiga Thingvellir kyauta ce, kuɗin ajiye mota kawai ake biya, saboda haka mai motar haya zai iya ɗaukar jagora na kansa na rabin yini ya samu mafi kyawun abin da na samu. Mai ciwon gwiwa ya haƙura da kogon. A zo da takalmi mai kama ƙasa da safar hannu, kamfanin ba ya bayarwa. Hanyar Kaldidalur kuma da bazara kaɗai take buɗe, don haka wanda aka yi wa tayin wannan tafiya a watannin sanyi ya tambaya ta ina za a bi da shi.